Takalma a Bakin Tanderu

Shekara ashirin da biyu ina shiga tanderu, ban taɓa shiga da takalmi ba. Ba wani camfi ba ne. Ƙasan tanderun bulo ne mai laushi, irin mai riƙe zafi, takalmin aiki kuwa da ƙarfe a bakinsa, in ka taka da shi sai ka gutsure bulon. Shi ya sa muke tuɓewa mu ajiye a bakin ƙofa, mu shiga da safa. Daga nan abin ya zame mana doka ba tare da wani ya rubuta ba. In ka ga takalma a bakin tanderu, akwai mutum a ciki, kada ka taɓa komai. In babu takalma, babu kowa.

A kamfaninmu ƙarafunan mota muke gasawa su yi tauri. Tanderun kamar ƙaramin ɗaki yake, tsawonsa taku shida, amma ba ka iya miƙewa tsaye a ciki, sai a tsugune ko da rarrafe. Ƙofarsa daga sama take saukowa, iska ce ke ɗaga ta, nauyinta ya kai na ƙaramar mota. Wuta ba ta taɓa kayan da ake gasawa. Bututu takwas ne kwance a jikin bango, huɗu dama, huɗu hagu, kowanne kaurin cinyar ƙato. Gas yana ci a cikin bututun, bututun ya yi jawur, zafin ya cika ɗakin.

Aikina shi ne bututun nan. In an kashe tanderu ya kwana uku ya huce, sai in shiga da tocila da ƙaramar guduma, in bi su ɗaya bayan ɗaya. In duba kumburi, in duba inda ya lanƙwashe, in ƙwanƙwasa in saurara. Lafiyayye yana amsawa da ƙara mai tsawo. Mai tsaga kuwa kamar ka buga fasasshiyar tukunya. Ban yi karatun kirki ba, amma kunnena bai taɓa ba ni kunya ba.

Ranar Asabar na shiga na duba duka takwas, na fito na ce wa Sanyi na gama, ranar Litinin ya kunna. Sanyi ƙanin matata ne, ni na kawo shi aikin shekara tara da suka wuce, ni na koya masa kunna tanderu. Muna kiransa Sanyi don ko gobara ake yi sai ya gama ɗaure igiyar takalminsa.

Na ce na gama, amma ƙarar bututu na takwas ta biyo ni gida. Ba ta yi ƙarar mai tsaga sosai ba, ba ta kuma yi ta lafiyayye ba.

Da safiyar Litinin matata ta ce, "Tun jiya kake zaune kamar wanda aka aiko wa sammaci. Me ke damunka?"

"Bututu na takwas."

"To, Allah ya ba bututu lafiya. Ni tun makon jiya nake cewa bayana na ciwo, ko guduma ba ka ɗauko ba."

Na isa kamfani kafin kowa a sashenmu. Na tarar an yi wa ƙasa sabon fenti, an ja layuka masu ruwan ɗorawa, ga wasu mata da ban sani ba suna ta goge-goge da bokiti. Sai na tuna ranar ce manyan baƙi masu sayen kayanmu za su zo zagaye. Shugaban sashenmu, wanda muke kira Agogo don ba ya magana sai ya kalli hannunsa, shi ya ɗauko matan daga waje. Na gan su da idona. Ban kawo komai a raina ba.

Ƙofar tanderu tana sama yadda na bar ta. Na tuɓe takalma, na jefa wayata a cikin na hagu kamar kullum, don in ina rarrafe faɗowa take yi daga aljihu. Ban faɗa wa kowa ba. Minti goma ne, in shiga in fito.

Na takwas yana can ƙurya ta hagu. Na kwanta rigingine, na tura kaina ƙarƙashinsa, na haska. Na bi da yatsa a hankali har farcena ya maƙale. Ga ta nan. Tsaga siririya kamar gashi, tsawon ɗan yatsa, ta ƙasa inda ido ba ya kaiwa. Har daɗi na ji. Na ce, "Na kama ka, ɗan banza."

Sai hasken da ke zuwa daga bayana ya fara raguwa.

Na ji fitar iska, fsss, ƙarar da na sani kamar tarin matata. Na buge goshina da bututu wajen fitowa. Na yi rarrafe, na yi ihu, amma manyan injunan matsa ƙarfe sun riga sun tashi a ɗaya sashen, ko a waje sai ka ɗaga murya ake jinka. Kafin in kai ƙofa, saura kamar faɗin tafin hannu ta rufe. Na kwantar da kumatuna a ƙasa na leƙa. Na ga jiƙaƙƙen siminti yana ƙyalli, na ga sabon layin fenti. Inda na ajiye takalmana babu komai.

Na janye yatsuna. Ƙofar ta zauna.

Ban san duhu ba sai ranar. Tocilar tana can ƙurya inda na yar da ita, tana haska bango. Na ci gaba da kiran Sanyi har maƙogwarona ya yi zafi, alhali na san kaurin bangon nan ya kai kamu guda, kuma allon da ake danna maɓallai yana ta gefe ne, mai kunnawa ba ya ganin ciki. Na koma na ɗauko tocila da guduma. Na doki ƙofa. Cikinta irin bulon nan ne mai laushi, gudumar nutsewa kawai take yi, garinsa na zubo mini a fuska.

Sai injin hura iska ya tashi.

Na san abin da ke biye, don ni na jera wa Sanyi shi da bakina. Da farko a rufe ƙofa. Sai injin ya hura iska cikin bututun na minti biyar, ya kore ragowar gas don kada ya fashe. Daga nan sai tartsatsi. Daga nan sai wuta.

Minti biyar ke nan gare ni.

Na koma kan bututu na ɗaya, wanda ya fi kusa da allon, na dinga dukansa da iya ƙarfina. Ƙarar ta cika mini kai. A waje kuwa injin hura iskar nan kusa da kunnen Sanyi yake ruri. Ko da ya ji wani abu, na tuna abin da na ce masa a makonsa na farko, lokacin da ya zo mini a firgice wai tanderu na ƙara. Na ce, "Kai matsoraci, ƙarfe ne ke miƙa, haka suke yi in an tashe su. In ka ji, ka toshe kunne."

Bara kamfani ya raba mana jajayen kwaɗuna, kowa da nasa da makullinsa. Aka ce duk mai shiga tanderu ya kulle famfon gas da maɓallin ƙofa, ya sa makullin a aljihu. Wani yaron ofis da hannunsa bai taɓa riƙe guduma ba shi ya tsaya yana mana bayani. A gaban kowa na ce masa takalmanmu sun girmi kwaɗonsa, kuma ba su taɓa cin amanarmu ba. Aka yi dariya. Nawa kwaɗon a jikin akwatin kayan aikina yake, don kada a ɗauke mini sifana.

Ina dukan bututu ina ƙirga daƙiƙoƙi a raina. Na ɓace a wajen ɗari da wani abu. Na sake farawa. Hannuna ya yi gumi har gudumar tana zamewa.

Sai na ji tak, tak, tak, tak a cikin ƙarfen da nake duka. Na ja baya. Bum. Na ɗaya ya kama.

Na jiƙa wandona. Ba zan ɓoye ba.

Na biyu ya kama, na uku, har zuwa na takwas, kowanne da tasa ƙarar, kamar ana rufe ƙofofi a jere. Fankar da ke rufin tanderu, wadda ke juya zafi, ita ma ta tashi a saman kaina. Na kwanta a tsakiya, na takure, don kada in taɓa ko ɗaya.

Wanda bai san aikin ba zai zaci wuta ce za ta taso ta cinye mutum nan take. Da haka ne da sauƙi. Wutar tana kulle cikin bututu, ba za ta taɓa ni ba. A hankali abin zai zo. Da fari ɗumi, kamar ka shiga motar da ta wuni a rana. Sanyi ba zai buɗe ƙofar nan ba sai bayan awa shida, in zafi ya kai digiri ɗari tara, zai tura kwandon ƙarafa na farko. Na san abin da ɗari tara ke yi wa safar hannu in an manta ta a kwando. Na ce abin da zai gani shi ne kan guduma da ƙarfen bel ɗina. Kuma shi zai gani, ba wani ba. Daga nan ya tafi ya kalli yayarsa.

Na haska ƙurya. A ƙasan na takwas wani siririn haske shuɗi yana leƙowa ta tsagar da na gano. Hayaƙin da ya kamata ya fita ta sama, wani yana shigowa inda nake. Na fara jin warinsa a bayan harshena. To ko zafi bai kai ba, wannan zai iya kwantar da ni.

Na yi salati. Na yi kuka irin na yara, baki buɗe. Na kira uwata da ta rasu tun ban yi aure ba. Iskar da fanka ke kaɗowa ta fara dukan fuskata da zafi, bututun suna ƙas, ƙas, suna miƙa, irin ƙarar da na ce a toshe wa kunne.

Ina kwance ina kallon sama, hasken tocila ya faɗa kan sandar awon zafi. Siririyar sanda ce kamar ɗan yatsa, ta sauko daga rufi, tsawonta kamu ɗaya. Ita ke gaya wa allon waje yawan zafin ciki. Wata rana kwando ya taɓa karya ta, mai gyaran lantarkinmu ya zo yana surutu a kanta ina cin abinci. Ko dai ya ce in ta karye injin zai zaci zafi ya wuce kima ya kashe wuta, ko kuma ya ce zai zaci sanyi ne ya ƙara wuta. Ɗaya daga ciki ya faɗa. Na matse kaina, na kasa tunawa. Abin da na tuna shi ne na ce masa ya rage surutu ya yi aikinsa.

Ba ni da wata dabara. In ƙara wutar zai yi, ai sai abin ya zo da wuri.

Matsalar, tsakanin sandar da fukafukan fanka bai fi tafin hannu ba. Na sa tocila a baki, na durƙusa, na sunkuyar da kai, na kai mata duka daga gefe. Ta lanƙwashe kaɗan. Na sake. A na uku fanka ta kama kan gudumar ta fizge ta daga hannuna, na ji ta daki bango can. Da yatsuna ne da sun tafi.

Na bi ta da lalube. Ta faɗa bayan bututu na biyar. Na zura hannu, gefen hannuna ya taɓa ƙarfen. Bai yi ja ba tukuna, baƙi ƙirin yake kamar ba komai, amma sai da na ji ƙaurin fatata. Na cije tocilar har haƙorina ya gutsure. Na dai fito da gudumar.

Ban sake duka ba. Na tuɓe riga na naɗe hannu, na kama sandar ta ƙasa, na ja ta wajena, na tura, na ja, na tura, yadda ake karya waya. Iskar fanka tana kaɗa gashin hannuna. Kaina ya fara sarawa, numfashi kamar ina shaƙar bargo. Gumi yana shiga idona, ba hannun sharewa. Ina ja ina cewa, "Karye mana, don Allah karye," kamar tana ji.

Ta karye ta bar mini guntu a hannu.

Na tsaya ina saurare. Rurin wutar yana nan. Na ce shi ke nan, ɗayan ne, na ƙara wa kaina wuta da hannuna. Na zauna daɓas.

Sai rurin ya yanke gaba ɗaya, duka takwas lokaci guda. Can nesa, kamar daga ƙarƙashin ruwa, na ji jiniyar allon tana kuka.

Ban yi murna ba, don na san Sanyi. Zai tsaya ya kalli allon, ya shafa gemu, ya taka a hankali ya nemo mai gyaran lantarki, shi kuma ya ce sai ya gama abin da yake yi. Zafin da bututun suka riga suka ɗauka kuwa fitowa yake ta yi, ƙofa a rufe. Na ja jiki zuwa na ɗaya. Wannan karon ban yi dukan hauka ba. Na buga uku, na tsaya. Uku, na tsaya. Ƙarfe mai miƙa ba ya ƙirga uku.

Ban san sau nawa na yi ba. Na san dai na fara ganin tocilar biyu. Sai fankar sama ta rage gudu ta tsaya, injin hura iska ya mutu. Wuri ya yi tsit. Na buga uku.

Daga waje, a jikin bututun, aka buga uku.

Fsss. Haske ya shigo ta ƙasa. Ban jira ta gama hawa ba, na tura kaina ta ƙarƙashi, wasu hannaye suka kama ni ta hammata suka ja. Na kwanta a kan sabon fentin Agogo ina amai.

Sanyi ya durƙusa a gabana. Da ƙyar ya ce, "Yaya, babu takalma."

"Na sani."

"Wallahi na duba. Sau biyu na duba. Ka ce mini ka gama tun Asabar. Yaya, babu takalma a wurin."

"Na ce na sani. Ba ni ruwa."

Bai iya tashi ba. Mai gyaran lantarki ne ya kawo ruwan, ya zuba mini a hannu, ya zuba a kai. Mutane sun kewaye mu. Agogo ya ratso su da sabuwar hular kwano, ya kalle ni, ya kalli cikin tanderu, ya ɗaga hannu zai kalli agogonsa, sai ya fasa ya mayar da hannun aljihu.

Na ce masa, "Kada a kunna. Na takwas ya tsage ta ƙasa. Sandar awo kuma ni na karya."

Ya ce, "Bar maganar sanda."

Ɗaya daga cikin matan nan masu shara ta matso, dattijuwa, riƙe da takalmana a ƙirji. Ta goge su tas, har igiyoyin ta tura ciki. Ta ce, "Naka ne, ɗana? Cewa aka yi kada a bar komai a ƙasa. A kan kantar can na ɗora maka, wayarka ma tana ciki, ban taɓa ba." Ta kalli hannuna, ta kalli fuskokin mutane, sai ta miƙo mini takalman.

Na ce, "Na gode, Inna. Ajiye nan."

A ɗakin shan magani na kamfani nas ta wanke ƙunar ta naɗe, ta sa mini abin shaƙar iska na awa biyu, ta ce in kaina ya ci gaba da ciwo a wuce da ni asibiti. Da la'asar Sanyi ya kai ni gida a motarsa. Duk hanya gudunsa bai wuce na keke ba. Na sauke gilashi har ƙasa, na sa fuskata a iska.

A ƙofar gida ya kashe mota, ya riƙe sitiyari da hannu biyu.

"Me zan ce wa yayata?"

"Ba kai za ka faɗa ba."

"Ni na danna, Yaya."

"Ni na shiga ban gaya wa kowa ba. Ni na koya maka kallon takalmi. Sauko, kada ka sa in maimaita, maƙogwarona ciwo yake."

Muka shiga. Matata tana ninke wanki a falo. Ta ga bandeji, ta ga rigar aro a jikina, ta ga idon ƙaninta. Ta ajiye zanen da ke hannunta.

Na zauna na faɗa mata tun daga farko, ban rage ba, har wandon. Ba ta katse ni ba. Sanyi yana tsaye jikin bango, kansa a ƙasa. Da na kai wurin tartsatsin, sai muryoyin yara suka taso daga tsakar gida, sun dawo daga makaranta. Ta tashi da sauri don kada su ji, ta kama ƙofar falon za ta tura.

Ban san lokacin da na miƙe ba. Sai ganina na yi a tsakiyar ɗaki.

Na ce, "Bar ta a buɗe."

Ta kalle ni. Ta saki ƙofar, ta jawo kujera ta tokare ta, ta ce wa ƙaninta ya fita ya tare yaran. Sannan ta dawo ta zauna kusa da ni, ta ce, "Ci gaba."